Inda Aka Rubuta Yayana

Ranar Litinin ce, bayan sallar la'asar, an gama ɗaure gero da dawa an kai rumbu. Shekarar farko ce ta yaƙin Turawa na biyu, lokacin da Ingilishi da Faransi suke gefe guda. Muna zaune a zauren gidanmu a Gangara: mahaifina, mai gari, liman, yayana, da ni. Na shida shi ne dogarin hakimi, wanda ya zo daga Sabon Birni da saƙo, ya zauna bakin ƙofa yana kaɗe ƙaiƙayi daga wandonsa.

Saƙon gajere ne. Kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar Faransi da ke arewa da mu, ya rubuto wa Di'o, Baturen da ke mulkin yankinmu, sunayen waɗansu samari da aka ɗiba soja a can, aka neme su ba a gan su ba, ana zaton sun tsallako. Sunan yayana yana ciki. Di'o zai zo rangadi Sabon Birni nan gaba kaɗan. Ya ce duk wanda sunansa ya fito, in mutumin ƙasar Ingilishi ne, a kawo takardar da ta nuna haka. Wanda ba shi da ita za a miƙa shi.

Ga yadda sunan ya shiga hannun Faransi. Yayana ɗan fari ne. Da aka yaye shi, sai Baba ya ba Gwaggo, ƙanwarsa, riƙonsa, domin ba ta taɓa haihuwa ba, kuma a wurinmu ɗan fari ba ya cika tashi a gaban iyayensa. Gwaggo tana aure a wani ƙauye arewa da mu, tafiyar da ake yi da safe a ci tuwon rana a can. Iyakar da Turawa suka ja ta bi tsakanin ƙauyen nan da namu, amma ba wanda ya ɗauke ta da nauyi. Kasuwa ɗaya muke ci, rijiyoyi ɗaya makiyaya ke shayarwa. Can yayana ya girma, can aka rubuta shi cikin gidan mijin Gwaggo sa'ad da masu ƙidayar Faransi suka zo. Da mijin ya rasu, ƙarfin Baba kuma ya fara raguwa, sai ya dawo gida, ya shiga gandu, wato noman gida ɗaya ƙarƙashin uba. Ya yi aure a Gangara, ya haifi 'ya mace. Ya kai shekara bakwai ko takwas da dawowa. Ba wanda ya tuna ya je ya ce wa Faransi su cire sunansa, kuma ban ga wanda zai yi tunanin haka ba.

Mai gari ne ya fara magana.

"Wagga magana ba ta da wuya. Ungozomar da tay yanke cibiyatai tana nan da ranta. Bayan ɗakin uwatai anka binne cibiyar. In ana so mu tona, mu tona."

Dogari ya ce, "Baba mai gari, Bature bai ce a kawo mai tsohuwa ba. Takarda yac ce."

Liman ya nuna kumatun yayana. "To zanen ga fa? Wanzamin garin ga yay yi shi."

Dogari ya ce, "Malam, waɗanda za su zo kama shi ma zanen ga na gare su. In sun tuɓe hula ba ka raba su da mai gari."

Mai gari ya ce, "Ɗan banza," aka ɗan yi dariya, dariyar ta mutu da wuri.

Yayana yana zaune yana murza igiyar rama a cinyarsa. Baba bai dube shi ba. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun da na yi wayo ban taɓa ganin ya dube shi ido da ido ba, ban kuma taɓa jin ya kira sunansa ba. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma Baba yana cikin masu riƙe ta da ƙarfi. In zai aike shi, sai ya ce da iska, "A kai jaki fadama." In zai yi maganarsa da wani, sai ya ce "wancan". Ni kuwa yakan kira ni da sunana, ya zage ni, ya yi mini ba'a a gaban mutane.

Baba ya juyo wajena ya ce, "To, ɗan boko. Shekara nawa kana cin alli, yau ga ranarka ta zo. Tahi ka nemo muna takarda."

A lokacin ina koyarwa a makarantar elementare ta Sabon Birni, kuma ni kaɗai ne a gidanmu na iya karatun boko. Na ce masa kada ya damu. Na faɗi haka da zuciya ɗaya. Mutumin da ya yi shekaru yana noma a gari, ana biya masa haraji kowace shekara, ban ga yadda za a rasa shi a littafi ba.

Ofishin hakimi ɗakin soro ne kusa da ƙofar fada. Akwai tebur ɗaya, kujera biyu, da akwatunan ƙarfe da aka ɗora kan duwatsu saboda gara. Malamin haraji ya girme ni a makaranta, mun san juna. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya ture aikin gabansa, ya jawo akwatin Gangara, muka zauna ƙasa kan tabarma muna buɗe littattafan shekara bayan shekara.

Kowane gida layi ɗaya ne. Da farko sunan maigida, sannan yawan maza baligai, sannan mata, sannan yara, sannan abin da aka yanka wa gidan. Na sami layinmu ba wuya. Ga sunan Baba, ga uku a gurbin maza.

Na ce, "Ina sunayen ukun?"

"Ba a rubuta su, Malam. Mai gandu aka rubutawa. Wanda duk ke ci tukunya guda da ubanai, lamba na."

"To ai cikin ukun ga shina ciki."

"Ni na sani, kai ka sani. Amma uku uku ta. Bature na iya cewa kai na, da Baba, da wani bara."

Sai wata dabara ta zo mini. In lambar ba ta faɗi suna, ai za ta nuna shekarar da aka sami ƙari. Shekarar da yayana ya dawo, dole mazan gidanmu su ƙaru da ɗaya. Malamin ya ce wannan magana ce, muka koma baya muna bin layin Baba. Uku. Uku. Uku. Har muka wuce shekarar dawowarsa, muka shiga shekarun da yake can wurin Gwaggo, lambar ba ta motsa ba.

Na daɗe ina dubanta kafin in gane. Kafin ya dawo, mu ukun su ne Baba, da wani ɗan ƙanensa maraya da ya tashi a gidanmu, da ni, domin an fara lissafa ni cikin baligai. A shekarar da yayana ya dawo, a shekarar aka ɗauke ni aikin makaranta, aka cire ni daga gidan Baba aka rubuta ni cikin masu albashi. Ɗaya ya fita, ɗaya ya shiga. Mai gari ya faɗi uku kamar kullum, malami ya rubuta uku. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi kuskure.

Malamin haraji ya rufe littafin a hankali. Ya ce mu gwada sauran wurare, ya raka ni da kansa. A littafin jangali babu yayana, domin 'yan shanun gidanmu da sunan Baba suke, suna hannun wani Bafulatani mai kiwo. A ɗakin shan magani babu shi, domin in ya yi ciwo wanzami yake kira. Masu yin lamba, wato rigakafin agana, sun zo Gangara, na san sun tsaga masa hannu, amma su ma yawan mutane suka rubuta. A ɗakin alƙali muka tambaya, malamin alƙali ya duba, ya girgiza kai.

Da muka fito, malamin haraji ya ce, "Laihin yayanka guda na: ba shi da hwaɗa. Da ya taɓa hwasa kan wani ko ya kori akuyar da ba tashi ba, da yanzu na ba ka sunanai da na ubanai da ranar da anka yi."

Na yi murmushi don kada ya ji kunya. A hanyar komawa makaranta na riƙa tuna wuraren da nawa sunan yake. Yana littafin shiga makaranta, yana littafin albashi, yana littafin haraji, har a takardar rancen keke. Ni da ban ƙara ko dami ɗaya a rumbun Baba ba tun ina yaro. Wanda ya cika rumbun kuwa, hukuma ba ta san an haife shi ba.

Na koma Gangara na faɗa musu yadda aka yi. Baba ya shiga ɗaki ya fito da wani tandu, ya zazzage rasit na haraji na shekaru da yawa, ya ce in duba da kyau. Na duba don ya ga na duba. Duk sunansa ne.

Liman ne ya tuna da Isa. Mahaifiyarmu 'yar ƙasar Isa ce. Ta je ganin danginta ciwo ya kama ta, can ta rasu, ina ƙarami. Ta bar saniya da awaki da kayan ɗaki, kuma saboda wani ɗan saɓani da 'yan'uwanta, a gaban alƙalin Isa aka raba gadon. Liman ya ce alƙalai ba su rubuta magada da lamba, kowa da sunansa suke sa shi, domin kowa da rabonsa.

Na nemi izini a makaranta, na hau keke. Rabin hanyar ni na tura keken, saboda rairayi. A bakin gulbi na tarar da fatake masu jakuna, sun ɗauko kanwa daga arewa. Da suka ji ni mutumin Gangara ne, sai ɗayansu ya ce ai ɗibar soja ta yi tsanani a can, samari suna kwana cikin karan dawa, kuma wanda aka tafi da shi, ba a san gabas aka yi da shi ko yamma ba. Ban ce musu ina da abin da ya shafe ni ba.

Malamin alƙalin Isa dattijo ne mai ƙaramin jiki, idonsa ɗaya ya yi yana. Littattafansa da Larabci suke, kuma ba bisa sunayen mutane aka jera su ba, bisa zamanin alƙalai ne. Ya tambaye ni shekarar. Ban san ta da lamba ba. Na ce shekarar da fara ta ci gero, aka sake shuka. Ya ce fara ta yi haka fiye da sau ɗaya a rayuwarsa. Na faɗi sunan mahaifin uwata da unguwarsu. Ya ɗan yi tunani, ya ce to zamanin alƙali mai rasuwa ne, ba na yanzu ba. Ya sa aka sauko da wani ƙunshi cikin fata. Ya riƙa buɗewa yana kai takardar kusa da idonsa mai gani, ni kuwa ina zaune ina sauraren masu ƙara a waje suna gardama kan iyakar gona.

Wajen azahar ya ce, "Ga ta."

Ya karanta da Larabci, yana fassara mini. Wance 'yar wane ta rasu, ta bar mijinta wane, mutumin Gangara, da 'ya'ya maza biyu daga gare shi. Ya faɗi sunan yayana, cikakke, haɗe da na Baba. Wannan ne karo na farko da na ga shaidar hukuma cewa mutumin nan ɗan ubana ne.

Dattijon bai tsaya ba. Bayan sunan akwai ƙarin magana: ba ya nan, yana zaune a ƙasar Faransi wurin 'yar'uwar ubansa, uban ya karɓa masa rabonsa.

Na ce ya sake karanta wurin. Ya sake. Na ce ina son a kwafa mini, a buga hatimi. Ya ɗauko alƙalami, sannan ya ɗago ya dube ni da idon nan ɗaya.

"Ɗana, kada ka roƙe ni abin da nig gani ga huskarka. In na kwahwa, duka nika kwahewa. Hatimin ga ba na rabin magana ba na."

"Allah shi gafarta Malam, ban ce kome ba."

"Ba ka ce ba. Madalla da ba ka ce ba."

Ya kwafe duka, aka kai wa alƙali ya buga hatimi. Na kwana gidan kawuna, na kamo hanya da sassafe, takardar tana cikin aljihun rigata. Duk tsawon hanyar ina juya ta a raina. Ta ce shi ɗan Gangara ne. Ta kuma ce mazaunin ƙasar Faransi ne, da hannun alƙalinmu. Ita kaɗai ce takardar da ke ɗauke da sunansa a duk ƙasar Ingilishi, kuma ban san gefen da za ta faɗa ba.

Na iske su da la'asar a bayan gida, wajen rumbuna, Baba yana zaune kan turmi a kife, yayana yana gyara jinkar rumbu. Matarsa tana sussuka can gefe, goye da 'yarsu. Mai gari ya ga shigowata ya biyo ni. Na karanta musu duka, ban rage kome ba.

Baba ya ce, "Sa ta wuta."

Mai gari ya ce a'a, a dai ɓoye, a je da shaidu kawai. Sannan ya rage murya ya ce akwai wata hanyar. Kudu tana da faɗi. Mutum yana iya bin fatake har bakin hanyar jirgi, ya yi dako ko aikin gyaɗa, in ƙura ta lafa ya dawo.

Yayana ya sauko daga kan rumbu. Ya ce, "Baba mai gari, kai kal lamunce ni gaban dogari. In na gudu, kai za a kama, kai da tsoho. Ba ni gudu."

Ya juyo wajena. "Karanta min wurin sunan ga kuma."

Na karanta: wane ɗan wane, mutumin Gangara.

Ya ce, "A kai ta."

Baba ya ce, yana duban ƙasa, "A gaya ma wancan, takardar ga igiya ta. Da ita za su ɗaure shi."

"A gaya ma tsoho," in ji yayana, shi ma bai dube shi ba, "ba ni nak kai kaina can ba. Ana yaye ni anka ɗauke ni. Can ana ce min ɗan Gangara, nan ana ce min ɗan Gwaggo. In za a tahi da ni, a tahi da ni an san ɗan wa nike."

Ban taɓa jin ya yi wa Baba magana mai tsawon haka ba. Matarsa ta daina sussuka, tana tsaye riƙe da taɓarya. Baba ya tashi ya shiga gida. Mai gari ya bi bayansa da kallo, ya ce, "Allah shi kyauta," ya fita.

Washegari Baba ya sa riga ya hau jaki zuwa Sabon Birni, bai gaya wa kowa ba. Daga baya malamin haraji ya ba ni labari. Baba ya zo ya ce ya raba gandu, ya ba babban ɗansa gonar fadama da rumbu ɗaya, a rubuta shi maigida mai kansa. Mutumin da ya sha faɗa a dandali cewa gandunsa ba ya rabuwa sai bayan ransa. Malamin ya ce zai rubuta, amma a littafin bana zai shiga, kuma Bature zai ga tawadar sabuwa ce. Baba ya ce a rubuta. Malamin ya tambayi sunan da za a sa, duk da ya sani, domin ƙa'ida ce mai ba da gona ya faɗa. Baba ya ce, "Ka san shi." Malamin bai matsa masa ba, ya rubuta.

Di'o ya sauka a bariki, masaukin Turawa da ke bayan gari. Aka kafa masa tebur a inuwar baranda. Hakimi yana zaune a gefensa, tafinta yana tsaye. Can ƙarƙashin wata tsamiya ga mutum biyu cikin kakin Faransi, da jajayen huluna, suna jira. Kamar yadda dogari ya faɗa, zanen fuskarsu irin namu ne. Ɗayansu ma ya gaishe da yayana, ya tambaye shi gida. Sun yi kiwon awaki tare suna yara.

Akwai waɗansu samari kafin mu. An saki biyu, domin suna da rasit da sunansu. An ware waɗansu gefe. Da aka kira yayana, muka matsa mu duka, muka durƙusa. Mai gari ya yi bayani, liman ya yi. Na miƙa takardar Isa, malamin haraji ya kawo littafin bana.

Di'o saurayi ne, bai fi ni da yawa ba, fuskarsa ta ƙone da rana. Yana jin Hausa kaɗan. Ba zan ce ya yi mana wulaƙanci ba. Ya sa aka fassara masa takardar Isa sau biyu. Ya duba littafin bana, ya shafa layin da yatsa, ya dubi malamin haraji. Sannan ya ɗauko takardar kumandan ya ajiye kusa da tamu, ya tambaya wane ne uban.

Baba ya matsa. Tafinta ya ce Bature yana tambaya, wannan ɗanka ne? Baba ya ce, "Kowa ya sani." Tafinta ya ce Bature yana so ka dube shi, ka faɗi sunansa, don ya gwada da abin da ke rubuce.

Duk wanda ke nan, har masu jajayen huluna, ya san abin da aka nema. Liman ya ce, "Ranka shi daɗe, ni in hwaɗi, ni nir raɗa mai shi." Hakimi ya sunkuya ya yi wa Di'o bayani a hankali, cewa ɗan fari ne, kuma a al'adarmu uba ba ya kiran sunansa. Di'o ya gyaɗa kai, ya ce ya taɓa jin haka, amma shaidar uba yake so ya rubuta, ba ta liman ba.

Ina bayan Baba, ina ganin wuyansa. Sannan ya juya kansa, ya dubi yayana, ya faɗi sunan. Muryar ba ta fita ba sosai. Tafinta ya ce Bature bai ji ba. Baba ya sake faɗa, da ƙarfi, ya ƙara da cewa, "Ɗana na. Na hwarko."

Yayana ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Mai gari ya juya fuska wajen bango. Di'o ya rubuta.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba, kuma tafinta ya faɗe shi dalla-dalla. Di'o ya yarda ɗan Gangara ne, haifaffen nan. Amma abin da gwamnatocin biyu suka shirya a kai ba wurin haihuwa ba ne, wurin zama ne. Faransi suna da shi a rubuce tun yana yaro. Takardar alƙalinmu ma ta ce can yake zaune. Babu wata takarda a wannan gefen da ta nuna ya dawo kafin a kira sunansa, sai ta bana, wadda aka rubuta bayan saƙon ya zo. Ya ce zai rubuta wa kumandan ya gaya masa mutumin yana da mata da 'ya da tsohon uba a nan, ko za a duba. Amma yau zai bi su.

Na tashi tsaye na yi magana da Turancin da nake da shi. Na yi bayanin uku da ba ta motsa ba, yadda na fita ya shiga. Di'o ya saurare ni har na gama. Ya ce ya yarda haka aka yi, amma ba zai iya aika wa kumandan lamba uku ya ce mutum ne ba. Hakimi ya yi mini alama da hannu in zauna. Na zauna.

Na sha tambayar kaina ko da mun bi maganar Baba mun ƙone takardar, da shaidu kaɗai sun isa. Malamin haraji ya ce da ba su isa ba, domin waɗanda aka ware kafin mu ma sun zo da shaidu. Liman ya ce wataƙila da sun isa, domin Baturen yana neman hanyar sakinsa, takardar ce ta tare masa. Dukansu sun rasu kowa yana kan bakansa, ni kuma har yau ban sani ba.

Ba a ɗaure yayana ba. Wanda suka yi kiwo tare ya ce ba sai an sa igiya ba. Aka bar shi ya yi sallar azahar tare da mu. Matarsa ta zo da fura a ƙwarya da ƙullin gari, ya sha, ya ɗauki 'yarsa ya ajiye. Ya ce mini in sayar da tunkiyarsa in ba matar kuɗin, kuma rumbun da yake gyara saura gefe ɗaya, a rufe kafin ruwa. Ya durƙusa gaban Baba. Baba ya ɗora masa hannu a ka, yana duban wani wuri. Suka kama hanyar arewa a ƙasa, su da sauran samarin.

Amsar kumandan ba ta zo ba, ko kuwa ta zo ba a gaya mana ba. Na je ofishin hakimi na tambaya har malamin haraji ya fara jin nauyin ganina. Kafin damina ta yi nisa labari ya zo cewa Faransi da Ingilishi sun ɓata, aka tsananta tsaron iyaka, maganar rubuta wa kowa ta ƙare. Baba ya rasu a shekara ta uku. Yayana ya dawo bayan yaƙi da ciwon ƙirji, ya zo Gangara ya yi gaisuwa, ya ɗauki matarsa da 'yarsa ya koma ƙauyen Gwaggo, domin can ne ake biyan tsofaffin soja ɗan abin da ake ba su, kuma sai mutum yana zaune a ƙasar. Gonar fadama ɗan ƙanen Baba ya ci gaba da nomanta. Jikokin yayana duk takardun Nijar gare su.